Malama Maimunatu Ba Ta Tsallake Tambaya

Duk wanda ya zauna Ƙaura Namoda a shekarun farko na Jihar Zamfara, in ya taɓa bin lungun da ke bayan kasuwar hatsi da hantsi, to ya ji muryar Malama Maimunatu ko bai san fuskarta ba. A nan makarantar 'yan mata ta al'umma take, wadda 'yan kasuwar suka haɗa hannu suka gina. Muryar ba ta da ƙarfi, naci gare ta. In Malama ta yi wa yarinya tambaya, ajin ba ya motsawa sai an ba ta amsa, ko kuwa a ce, "Ban sani ba, Malama." Ta fi son ta biyun nesa ba kusa ba a kan amsar da aka lalubo a sama.

Gado ta yi. Ita ɗiyar Na'ibin Birnin Tsaba ce a ƙasar Zurmi, kuma a gabansa ta fara karatu kafin a kai ta boko. Tsarin Na'ibi ɗaya ne ga babba da yaro: a karanta layi, a fassara, a maimaita, ba a taɓa na ƙasa sai na sama ya zauna daram. Akwai magidancin da ya shekara yana jigila a kan babi guda. Kuma abin da Na'ibi ya fi ƙi a duniya shi ne mutum ya buɗe baki a kan abin da bai sani ba. Da wannan tarbiyya Maimunatu ta ratsa sakandare, ta je jami'a a Sakkwato ta yi digiri a kan kemistiri. Duk inda aka ba ta tambayoyi masu zaɓi huɗu, takan amsa na farko-farko da kyau, lokaci ya ƙare, ta bar sauran fayau. Ɓangaren dogon rubutu ke fisshe ta, don a nan ba ta da na biyu. Daga baya ta auri Saminu, mai gyaran agogo da rediyo a bakin tashar jirgin ƙasa, mutumin da shagonsa ke cike da agogai amma ba biyun da suka taɓa yarda da juna.

A shekarar da aka fara aiki da Shari'a, wani abin alheri ya faɗo wa makarantar. Iyayen da suka saba cire 'ya'yansu da an gama ƙaramar sakandare suka yarda a buɗe babban aji, da sharaɗi guda, mace ce za ta koyar da su. Macen da ke da digirin kimiyya da lissafi a duk kewayen ita ce Maimunatu. Aka buɗe aji, 'yan mata suka cika benci. Ba a yi nisa ba sufeton makarantu ya zo, ya duba takardunta, ya yaba, sannan ya ce digiri daban, shaidar koyarwa daban. Ba zai sa hannu a yi wa ajin rajista ba sai in ta sami gurbin babbar difloma ta koyarwa a bana, irin wadda ake yi a dogon hutu. In ba ta samu ba, ƙarshen zango a rufe ajin.

Alhaji Wakili, shugaban kwamitin makaranta, dillalin gero ne. Ya same ta a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, ya tsaya nesa kaɗan yana juya hula a hannu.

"Malama, ni ban san difloma ba, ban san digiri ba," in ji shi. "Abin da nis sani, ni na bi iyayen ɗiyan ga gida-gida. Akwai malami namiji mai takardar, na faɗa musu, sun ce in shi na, kowa ta koma ɗakin uwarta. To kin ji. Jarrabawar shiga ce aka ce za ki yi. Ki ci ta, don Allah."

"In Allah Ya yarda, Alhaji."

"Allah Shina yarda, Malama. Ke dai ki yarda."

Da ta bincika sai ta tarar jarrabawar duk zaɓi huɗu ce, daga farko har ƙarshe, ba dogon rubutu ko layi ɗaya. Ba ta faɗa wa kowa abin da wannan ke nufi gare ta ba. Ta ce a ranta bari dai ta ga irin tambayoyin tukuna.

Samun tsofaffin tambayoyin ya zama aiki. Jami'ar Sakkwato mai shirya jarrabawar ba ta barin takarda ta fita, a bakin ƙofa ake karɓe ta. Saboda haka tambayoyin ba su da mazauni sai kawunan waɗanda suka taɓa zama. An kwatanta mata wani akawu a Zurmi, ta je. Bawan Allah ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo fura, ya yi tunani, sannan ya ce abin da ya fi tunawa shi ne ɗakin akwai zafi, kuma fankar da ke kansa ba ta juyawa. Ta yi godiya ta dawo.

Saura mutum ɗaya, wanda ta so ƙwarai ta kauce masa. Alhassan, ɗan gwaggonta, taubashinta, malamin firamare a Shinkafi. Sau uku yana zama wannan jarrabawa, sau uku tana mayar da shi gida.

Zuwa Shinkafi a lokacin ba abin wasa ba ne ga mace. An hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, motar mata kuwa ba ta tashi sai ta cika, kuma ba ta cika sai ranar Alhamis, ranar kasuwa. Ta nemi izini a makaranta, ta zauna a tasha tun da safe tsakanin masu tallar daddawa da wata tsohuwa mai kaji, rana ta take kafin direba ya ga dama. Tana zaune tana lissafin darasin da 'yan ajinta suka rasa.

Alhassan na ganinta ya tafa hannu.

"A'a! Yau ga manyan malamai a gidan jahilai. Ɗiyar Na'ibi, mi ya yi zafi? Ko an kore ki daga Ƙaura?"

"Wajen gwanin faɗuwa aka aiko ni," in ji ta. "An ce duk Zamfara ba wanda ya san ƙasan jarrabawar nan kamarka."

"Faɗuwa? Bincike nike yi. Wa kika ga ya san abu da zuwa ɗaya?"

Amma fa Alhassan na da kai. Ya zauna a tabarma ya riƙa zubo tambayoyi kamar mai karanta haddar da ya kwana da ita: na Turanci, na lissafi, na sanin duniya, da na wasu Turawa masana tarbiyya da suka mutu tun kafin a shimfiɗa layin dogo. Har zaɓuɓɓukan huɗu yana tunawa. Maimunatu na ta rubutawa. Kowace tambaya sai ta tsayar da shi.

"Wagga, da idonka ka gan ta, ko wani ya faɗa maka?"

"Ke, hadisi kike karɓa? Rubuta mu wuce."

"To mece ce amsar?"

"Da na san amsar, da kin ishe ni a Shinkafi?"

Da za ta tafi, ya rage murya kamar mai ba da sirrin magani. Ya ce dabarar ɗaya ce. In ka ga lokaci zai ƙure, ka kama harafi ɗaya ka bi shi har ƙasa. Shi C yake bi, don ya lura malaman jami'a na son ɓoye gaskiya a ɗaki na uku. Ya ce bana ma zai koma, su haɗu a can.

"Canki-canka ke nan," in ji Maimunatu.

"Sunansa dabara."

"Sau uku tana kai ka ina?"

"Ba ta nuna ba tukuna."

Makonni ta yi tana neman amsoshin. Ta aro littattafai wajen malaman kwalejin kimiyya da fasaha ta garin, tana karatu bayan sallar asuba da bayan la'asar. Ba ta barin tambaya sai ta san amsarta, ta san dalilin da sauran ukun suka zama kuskure. Da ta ga ta ƙoshi, Saminu ya ce a yi gwaji irin na gaske. Ya sa wani malamin kwalejin ya shirya sababbin tambayoyi a kan salon na Alhassan, ya zo da agogon tebur mai ƙararrawa daga shago, wanda ya rantse shi ne mai gaskiyar cikinsu. Ya ajiye mata tebur a inuwar tsakar gida, ya zauna a kan turmi ya harɗe hannu.

"Bismillah, Malama. Ni ne jami'a yau."

Ta fara da gudu. Can sai fensir ya tsaya. Saminu ya ga ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. Ya dubi agogo, ya dube ta. Ya yi tari. Ya tashi ya sha ruwa ya dawo, tana nan a wuri ɗaya. Da ƙararrawa ta kaɗa, kaji suka watse, ya karɓi takardar ya duba. Duk abin da ta amsa daidai ne. Amma ba ta kai rubu'in tambayoyin ba.

"Mi ya tsare ki a nan?"

"Ba ta fito ba."

"To ki wuce ta mana."

"In wuce ta in bar ta a baya?"

"Cizo take yi? Ki wuce, in lokaci ya rage ki dawo. Waɗanda ba ki sani ba kuma ki zaɓi ɗaya, ko Allah Ya sa a dace."

Ta ajiye fensir. "Malam, wata nawa da aka kama masu karta a bayan tasha? Kai ka ba ni labari. Mutum ya sa hannu a abin da bai sani ba yana fatan sa'a ta ba shi abin da bai yi wa aiki ba, mi ke nan in ba caca ba? Kuma in na baƙanta B, ai cewa na yi B ce gaskiya. Shaida na bayar. In ban sani ba fa?"

Saminu mutum ne da in rediyo ta ƙi magana yakan ɗan buge ta a gefe, sau da yawa kuma ta yi. Bai taɓa tunanin akwai hukunci a ciki ba.

Aka sake gwaji bayan kwana biyu, aka sake samun abu ɗaya. Na uku ya fi muni, don tambaya mai wuyar ta zo da wuri. Jarrabawa ta matso. Alhaji Wakili ya fara biyowa ta shagon Saminu kullum, wai agogon hannunsa ke gudu, alhali lafiyarsa lau. 'Yan ajin ma sun ji ƙishin-ƙishin. Wata mai suna Kubra ta tambaye ta a gaban kowa ko gaskiya ne ba za su dawo bayan hutu ba. Maimunatu ta tsaya da alli a hannu ta ce, "Ban sani ba." A wannan karon ba ta ji daɗin amsar ba ko kaɗan. Ta daina cin abinci sosai. Saminu ya ga lallashi ba ya yi, gardama ba ta yi, sai ya rufe shago ranar Asabar ya ce ta shirya.

"Wanda ya ɗaura miki shi zai kwance. Mu tafi Birnin Tsaba."

Sun sami Na'ibi a zaure bayan azahar, almajiransa magidanta sun watse. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma kunne na nan. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa Maimunatu, don haka Inna yake ce mata. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zayyana masa komai, tun daga sufeto har zuwa harafin Alhassan. Tsoho ya saurara yana jan tasbaha.

"Alhassan dai na Furera?" in ji shi. "Wanga yaro tun yana ƙarami haka yake karatu. To, Inna, tambayoyin ga, wa yaj jera su?"

"Malaman jami'a, Baba."

"Wahayi aka yi musu da jerin?"

"A'a."

"Ta bakwai sharaɗi ce ga ta takwas, kamar alwala da salla?"

"A'a, kowace zaman kanta take."

"To mi ya hana ki wuce? Ni da nike tsare ku a layi, don na ƙasa a kan na sama yake zaune. Wanga kuwa tallar kasuwa ce aka baza. Ki ɗauki wadda kika iya, ki dawo ma sauran."

Saminu ya gyara zama, ya ɗan dubi matarsa ta gefen ido. Ita ba ta ɗago ba.

"Saura zaɓen abin da ban tabbatar ba, Baba."

Nan Na'ibi ya tsayar da jan tasbaha.

"Kina daji," in ji tsohon a hankali, "hadari ya rufe sama, ba rana, ba wanda za ki tambaya, lokacin salla yana fita. Ina alƙibla?"

"Sai in duba alamu. In da na san inda na fito, da inda gulbi ya nufa."

"Kin duba. Kin tabbata ba nan ba ne, ba nan ba ne. Saura fuska biyu, zuciyarki ta fi karkata ga ɗaya."

"Sai in fuskance ta in yi salla."

"Caca kika yi?"

"A'a. Ƙoƙari na yi."

"In kika tsaya jiran tabbas har lokaci ya fita fa?"

"Na yi laifi."

"To." Ya ci gaba da jan tasbaha. "Wasu malamai ma sun ce in abin ya rikice sarai, mutum ya yi salla huɗu, kowace fuska ɗaya. Ba a baƙanta huɗun duka?"

"Sokewa za su yi, Baba."

"Ashe ba su da sauƙi."

Saminu ya yi dariya, ya ga dama ta samu, ya ce, "Allah gafarta Malam, ke nan duk wadda ba ta sani ba ta zaɓi ɗaya kawai."

"Ban ce ba." Muryar tsohon ta canza. "Inda tana da alama, ta kore wani ta rinjayar da wani, ta sa hannu, ilminta ne ya yi aiki. Inda ba ta san komi ba, ko sunan ba ta taɓa ji ba, ta bar musu abinsu fari. Ba na son a ba ɗiyata kujera a kan abin da ba ta sani ba, ta je ta tsaya gaban ɗiyan mutane da ita."

"Malam, da maki ɗaya ana faɗuwa."

"Ana faɗuwa," in ji Na'ibi.

A hanyar dawowa sai da suka wuce Zurmi sannan Saminu ya ce rabin fatawa dai ta fi babu. Kwanakin da suka rage, tsallakewa ta koya, kamar mai koyon tafiya bayan jinya. Saminu na zaune a turmi, in ya ga fensir ya daɗe a wuri ɗaya sai ya ƙwanƙwasa murfin tukunya, ita kuma ta ɗiga alama a gefen tambayar ta wuce tana ɓata rai. A gwajin ƙarshe ta kai ƙarshen takarda, da ƙyar.

Ranar jarrabawa a Sakkwato, an zaunar da mata a gefe ɗaya, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Alhassan na can ɓangaren maza, ya ɗaga mata fensir biyu sababbi kamar mai zuwa karɓar kyauta. Aka raba takardu. Mai tsaron jarrabawa ya ce a fara.

Na farko-farkon sun zo da sauƙi. Sai ga wata ta lissafi, famfo biyu na cika tanki, na uku na zurarar da shi. Irin wadda take koya wa 'yan ajinta. Ta yi lissafi, amsarta ba ta cikin huɗun. Ta sake, ta sami amsar farko. Zufa ta karyo mata. Da ta Turawan tarbiyya ce da ta haƙura, amma wannan gonarta ce, a ce malamar lissafi ta gudu daga tanki? Ta sake bi ta wata hanya. A kewaye da ita takardu na ta juyawa, shafi na biyu, wasu na uku. Ba murfin tukunya a nan. Ta ɗaga kai ta ga agogon bango, ashe lokacin da tankin ya sha ya isa amsa tambaya goma. Ta ɗiga alama a gefe. Hannunta ya ƙi tafiya, sai da ta sa ɗayan ta juya shafin.

Daga nan ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Wadda ta sani, ta baƙanta. Wadda ta san rabi, ta kore biyu, ta saurari inda zuciya ta karkata, ta baƙanta tana istigfari a ciki, ko da yake an ce mata ba laifi. Wadda ba ta san kanta ba, ta wuce. Ta kai ta ƙarshe numfashinta na sama-sama, ta koma kan masu alama, ta ci wasu.

"Saura kaɗan," in ji mai tsaro. "Kowa ya duba sunansa."

Ɗakin ya ɗauki wani sauti, ƙarar fensira masu bin layi ɗaya har ƙasa. Matar da ke kusa da ita ta gama nata cikin ƙiftawar ido, ta leƙo takardar Maimunatu, ta ga gurabe fari sun fi goma, ta yi mata raɗa, "Baiwar Allah, cike mana! Kyauta ce!"

Maimunatu ta dubi guraben. A lissafinta na malamar lissafi, in ta bi harafi ɗaya za ta dace da biyu ko uku. Biyu ko uku na iya zama tsakanin aji a buɗe da aji a rufe. Ta ga fuskar Kubra, ta ga bencina an jingine su a bango. Ta ɗora bakin fensir a kan gurbin farko, har ya yi ɗan tabo. Ta karanta tambayar kuma, ko za ta sami wata alama komai ƙanƙantarta da za ta riƙa. Sunan wani Bature ne da shekarar da ya rubuta wani abu. Ba ta taɓa jin sa ba. Ta ɗauki kilina ta goge tabon. Ta koma kan tanki, tana tsakiyar lissafi aka ce a ajiye fensir.

A ranar ake gyarawa, da wani kwali mai huji da ake ɗorawa a kan takarda, don haka aka ce kowa ya jira zuwa la'asar. Saminu ya same ta a gindin wata bishiya, ya kawo mata ruwa da ƙosai. Ta sha ruwan.

"Nawa kika bari?"

"Da dama."

"Da dama kamar nawa?"

"Malam, don Allah."

Alhassan ya zo yana fara'a, ya ce bana kam ya ji a jikinsa, C ta yi ta faɗowa kamar an san da zuwansa. Ya zauna shi ma.

Bayan la'asar wani jami'i ya fito baranda, ya ce zai kira waɗanda suka sami gurbi, daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, wanda bai ji sunansa ba ya yi haƙuri sai baɗi. Ya fara. Kowane suna sai wani ya ce alhamdu lillahi a cikin taro. Matar da ta yi mata raɗa aka kira ta tun a tsakiya, ta yi guɗa ta tuna inda take ta rufe baki. Taron na raguwa. Jami'in ya juya shafi, ya ci gaba, muryarsa ta fara gajiya. Saminu ya cire hula ya mayar. Maimunatu ta daina kallon baranda, ta zuba wa ƙasa ido, tana shirya kalmomin da za ta faɗa wa Alhaji Wakili, ta ga ba su haɗuwa.

"Maimunatu Usmanu Birnin Tsaba."

Bayan nata, suna biyu kawai aka kira, jami'in ya naɗe takardarsa ya shige.

Ba ta yi guɗa ba. Ta zauna a kan tushen bishiyar ta rufe fuska da mayafi. Saminu ya riƙa cewa "To, to, to," bai san da wa yake ba. Alhassan ya tsaya ya dubi ƙofar da jami'in ya shiga, ya daɗe, sannan ya sa fensiransa a aljihu.

"Bana B ce ta yi kasuwa," in ji shi. "Na so in canza. Barka, ɗiyar Na'ibi. Na baya-baya dai kika zo, kada ki yi mana girman kai a Shinkafi."

Washegari da suka sauka Ƙaura, sun tarar da Alhaji Wakili zaune a dakalin ƙofar gidansu, ya bar rumfarsa a hannun wani a ranar ciniki. Yana ganinsu ya miƙe tsaye. Saminu ya ce masa an samu. Alhaji ya koma ya zauna, ya share fuska da hannun riga, ya ce yau bayan magariba zai bi iyayen ya faɗa musu, gobe kuma da kansa zai je wajen sufeto.

"Malama, Allah Shi biya ki. Duk abin da kike so, ki faɗi."

"Akwai, Alhaji," in ji Maimunatu daga bakin zaure. "Babban aji ba ya yiwuwa ba ɗakin gwaje-gwaje. Ina son ɗaki mai rufin kwano, da tebur mai tsawo, da ruwa a kusa. Kafin damina ta sauka."

Alhaji Wakili ya dubi Saminu. Saminu ya dubi sama.

"Malama," in ji Alhaji, "ki shiga ki huta tukuna. Kin sha hanya."